Nazarin Jigo da Taurari a Wasan Talabijin Mai Suna "Path to War"

Gabatarwa

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce duba jigo da taurarin wasan kwaikwayon nan na siyasa mai suna "Path to War", wanda tashar HBO ta Amurka ta nuna a shekarar 2002. Daniel Giat ne ya rubuta shi, John Frankenheimer kuwa ya ba da umarni. An gina wasan ne a kan tarihin Shugaba Lyndon Johnson da yaƙin Biyetnam.

Jigo

Babban jigon wasan shi ne yadda shugaba kan nutse cikin yaƙi a hankali, har fita ta gagare shi. An buɗe wasan da shagalin rantsar da Johnson a watan Janairu 1965, yana cike da burin yaƙar talauci da tabbatar wa baƙar fata 'yancin jefa ƙuri'a. An kuma rufe shi da jawabinsa na 31 ga Maris 1968, inda ya bayyana cewa ba zai sake neman kujerar ba.

Idan aka warware jigon, za a ga ba a rana ɗaya aka yanke shawarar faɗaɗa yaƙin ba. A ƙarshen 1964 sojojin Amurka a Biyetnam kimanin 23,000 ne. A watan Maris 1965 aka shiga yi wa Biyetnam ta Arewa ruwan bama-bamai, kafin shekarar ta ƙare sun haura 180,000, a 1968 kuwa sun wuce rabin miliyan. Duk lokacin da aka ƙara soja, jinin da aka riga aka zubar shi kan zama hujjar ƙaro wasu, domin shugaban yana tsoron a ce a hannunsa Amurka ta sha kashi.

Taurari

Michael Gambon ne ya fito a matsayin Johnson, mutum mai saurin fushi da saurin tausayi. Amma gwanintar marubucin ta fi fitowa ne wajen mashawarta. George Ball ya tsaya tun farko a kan cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Aka saurare shi, ba a bi shi ba. Robert McNamara, sakataren tsaro, ya fara da tabbacin nasara bisa lissafi, ya ƙare cikin shakka. Clark Clifford kuwa ya fara da adawa, ya koma goyon baya, sa'an nan da ya gaji McNamara a 1968 ya ba da shawarar a ja baya. Wannan sauye-sauyen ra'ayi ya nuna cewa mashawarci yana iya juyawa ya tafi abinsa, amma alhaki yana nan a wuyan mai sa hannu.

Kammalawa

Sai dai wasan yana da rauni guda. Mafi yawansa a ɗakunan taro yake, saboda haka mai kallo ya fi ganin damuwar Johnson a kan wahalar mutanen Biyetnam, waɗanda a kansu bama-baman suke sauka. Duk da haka darasinsa a fili yake: shugaban da ya mai da mutuncinsa da na ƙasa abu guda, yakan sayi wannan mutunci da rayukan 'ya'yan wasu.