Darasin Sana'a: Bel da Fuli, Daga Injin Niƙa Zuwa Injin Ƙera Kaya

Duk wanda ya taɓa kai hatsi niƙa a Zurmi ya ga bel yana aiki. Inji yana gefe guda yana ruri, kan niƙa yana ɗaya gefen, babu abin da ya haɗa su sai wannan baƙar igiya ta roba. Ranar da ta tsinke, ko da tanki cike yake da mai, mata sai su koma gida da dawarsu a ka. Haka abin yake ga keken tela: ƙafa ke juya babban wili na ƙasa, igiya ta kai juyin ga ƙaramin wili na sama, allura ta kama aiki.

Wilin da bel ke hawa shi ake kira fuli. Darasin wannan wata zai nuna yadda bel da fuli ke aiki a cikin wani sabon inji da ake kira firintar 3D, da yadda mai son haɗa shi da hannunsa zai tsara wannan sashe. Lissafin duk bai wuce sau da rabawa ba, irin wanda ake koyarwa a ajin yaƙi da jahilci.

WANE IRIN INJI NE?

Firintar da aka saba gani tana buga rubutu a kan takarda. Ita wannan kaya take ƙerawa da roba, kamar marfi, ko maɓalli, ko mariƙi, ko ƙaramin giya. Ana ba ta zaren roba mai kaurin milimita 1.75. Kan injin yana narkar da shi da zafi wajen digiri 200, ya fito ta wani ɗan ƙaramin baki, ya shimfiɗa layi a kan layi har kayan ya tashi. Wanda ya ga yadda ake ɗora ginin rumbu zagaye bayan zagaye ya riga ya gane dabarar. Kwamfuta ce ke gaya wa injin siffar da ake so.

A shekarar 2005 wani malamin Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya fara wani shiri mai suna RepRap. Ya saki tsarin injin kyauta don kowa ya haɗa nasa. A 2013 wani mutumin Togo, Kodjo Afate Gnikou, ya haɗa irin wannan inji a birnin Lome da tarkacen tsofaffin kwamfutoci da firintocin da aka zubar, a kan kuɗi kimanin dalar Amurka 100. Ke nan ba aikin Turawa kaɗai ba ne. Matashin da ke gyaran waya ko rediyo a Zurmi, ko ɗalibin Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, yana iya gwadawa. Amfanin a fili yake: sau da yawa ɗan abu na roba ke karyewa ya tsai da inji sukutum, kuma nemo shi sai an je Gusau ko Kano.

LISSAFIN FULI A INJIN NIƘA

Kafin a shiga sabon inji, a fara da wanda aka sani. Ƙa'ida ɗaya ce: in ƙaramin fuli ne ke jan babba, gudu yana raguwa, ƙarfin murɗawa yana ƙaruwa. In babba ne ke jan ƙarami, gudu ya ƙaru, ƙarfi ya ragu.

Misali, a ce inji yana juyi 1,440 a minti ɗaya, fulinsa inci 4 ne, fulin kan niƙa kuwa inci 12. A ninka 1,440 sau 4, a sami 5,760. A raba da 12, a sami 480. Wato kan niƙa zai yi juyi 480 a minti. Mai injin da ya canja fuli ba tare da wannan lissafi ba yana iya jawo gari ya yi zafi, faranti ya cinye da wuri, ko inji ya riƙa shaƙewa.

ME YA SA AKE SON BEL MAI HAƘORA?

Bel ɗin injin niƙa sumul yake, matsi kawai ke riƙe shi a ramin fuli. Yakan ɗan zame, amma gari ba ya lalacewa saboda haka. A injin ƙera kaya kuwa, in bel ya zame ko da rabin milimita ne, layin sama ba zai hau kan na ƙasa daidai ba, kayan ya karkace. Shi ya sa ake amfani da bel mai haƙora, da fuli mai ramukan da haƙoran ke shiga.

Wanda aka fi amfani da shi sunansa GT2. Faɗinsa yawanci milimita 6 ne, kuma daga haƙori zuwa haƙori milimita 2. A cikin robar akwai zaruruwa masu ƙarfi da ke hana shi miƙewa.

Injin yana motsi ta fuska uku: dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa. Biyun farko su ke buƙatar sauri, don haka su ake yi wa bel. Na sama da ƙasa akan yi shi da doguwar sandar ƙarfe mai zare irin na noti.

Abin da ke juya fulin wani ɗan injin lantarki ne, wanda masu gyara ke kira moto. Irin wanda ake sa wa a nan taki-taki yake tafiya, yana tsayawa daidai inda aka umarce shi. Mafi yawansu taki 200 ke cika juyi ɗaya.

LISSAFIN TAKI

A ɗauki fuli mai haƙora 20. Juyi ɗaya zai ja bel milimita 40, wato 20 sau 2. Na'urar da ke sarrafa moton takan raba kowane taki gida 16. To, 200 sau 16 ya zama 3,200. A raba 3,200 da 40, a sami 80. Ke nan ƙananan taki 80 ke matsar da kan inji milimita 1. Wannan lamba ita ake shigarwa a ƙwaƙwalwar injin.

In fulin mai haƙora 16 ne, juyi ɗaya milimita 32 ne, lambar kuma ta koma 100. Wanda ya sa fuli mai haƙora 16 amma ya bar 80 a ƙwaƙwalwa, in ya nemi abu mai tsawon milimita 100, mai milimita 80 zai samu. Injin bai yi laifi ba, abin da aka gaya masa ya yi. Saboda haka a ƙidaya haƙoran fuli ɗaya bayan ɗaya tun kafin a ɗaura shi.

Tsawon bel ma lissafi ne. In tsakanin tsakiyar fuli biyu masu haƙora 20 milimita 300 ne, zuwa da dawowa ya zama 600. Lanƙwasar da bel zai yi a kan fulin biyu ta ƙara 40, jimla 640. A bar ɗan rara na ɗauri. Gara a yanke saura da a yi ciko.

YADDA AKE HAƊAWA

1. A fara da firam, ko na ƙarfe ko na busasshen katako. A auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, ta ɓangare biyu. In awon ya zo ɗaya, firam ya daidaita.

2. A kafa sanduna biyu masu santsi waɗanda kan inji zai riƙa sulalewa a kansu. Tazararsu ta zama ɗaya daga farko har ƙarshe. A tura kan da yatsa. In ya cije a wani wuri, a gyara tukuna.

3. A ɗaura moto a ƙarshe ɗaya. A ɗaya ƙarshen a sa fuli mai boris wanda bel zai zagaya ya dawo. Ramukan kusoshin moton a yi su dogaye, don a iya ja da shi baya a ƙara wa bel ƙarfi.

4. Fuli yana da ɗan ƙaramin sukuru a gefe. A ɗaure shi a kan wurin da aka shafe a jikin sandar moto. In ya kwance, moto zai yi ta juyi, bel yana tsaye.

5. Bel ya bi layi ɗaya da sanduna, kada ya hau ko ya gangara. Sannan a danne bakinsa biyu a jikin kan inji.

6. A gwada ɗaurin. In aka fizgi bel da yatsa, ya ba da amo mai kauri kamar tsirkiyar gurmi. In ya yi sako-sako, da'ira za ta fito kamar ƙwai. In ya yi tsauri ainun, boris da moto za su gaji da wuri.

7. A umarci inji ya tafi milimita 100, a auna da rula. In bai yi daidai ba, a koma ga lissafi.

Tsofaffin firintocin takarda suna da sanduna masu santsi da bel mai haƙora a cikinsu. Mai cirowa ya ɗauki bel tare da fulinsa, domin tazarar haƙora ba ɗaya ba ce a kowane iri. Bel ɗin wani a kan fulin wani tsalle zai riƙa yi.

KULAWA DA KIYAYE HAƊARI

Ƙurar hunturu tana cika ramukan fuli, tana cin sanduna. A rufe inji da ƙyalle in ba ya aiki, a riƙa share haƙora da busasshen burushi. Mai na sanduna ne da boris. Kada ya taɓa bel, domin yana lalata roba. Injin yana aiki da wuta mai bolt 12 ko 24, amma in ta ɗauke ana tsakar aiki yawanci kayan ya ɓaci. Batir da farantin sola sun fi kwanciyar hankali.

Bel ɗin wannan inji ƙarami ne, na injin niƙa kuwa yana karya hannu, yana kisa. Babbar riga da gyale da hijabi su ne abin da ya fi fizga. Masu injina a Zurmi da Shinkafi da Ƙaura su sa wa bel murfin raga, su hana yara tsayawa kusa, kuma kada a ɗora bel ko a cire shi inji yana juyi. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

Malaman azuzuwa su sa ɗalibai su amsa waɗannan a allo:

1. Inji yana juyi 1,200 a minti, fulinsa inci 5, na kan niƙa inci 10. Juyi nawa kan niƙa zai yi?
2. Fuli mai haƙora 20 ya yi juyi 5. Milimita nawa bel ya tafi?
3. Me ya sa bel ɗin injin niƙa ba zai yi aiki a injin ƙera kaya ba?
4. Faɗi abu uku da mai injin niƙa zai yi don kare jama'a daga bel.