Hasken da Ido Ba Ya Gani, Amma Fata Tana Ji

Ya ku 'yan'uwa mazauna Zango da Ganhi a Kwatano, rashin sani ya fi dare duhu. A shekarar 2020, lokacin korona, an riƙa auna goshin mutane da wata na'ura mai kamar bindiga. Nan da nan raɗe-raɗi ya bazu, wai tana harba hasken da ke lalata ƙwaƙwalwa. To, ga gaskiyar magana.

Akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda ke bayan ja a jerin launukan bakan gizo. Masana na kiransa infared. William Herschel ne ya gano shi a Ingila a 1800. Shi ne ɗumin da mai tsire ke ji a fuska in ya tsaya gaban garwashi.

In hasken nan ya sauka a fata, abu biyu ke faruwa. Na ɗaya, sha: ruwan jiki yakan shanye nau'insa mai dogon zango tun daga sama-sama, ya koma zafi. Jini da melanin, wato sinadarin baƙin fata, su kuma sukan ɗebi rabonsu daga mai gajeren zango. Na biyu, warwatsuwa: abin da ya tsira yakan ratsa ciki, yana karo da zaruruwan nama, yana bazuwa kamar fitilar mota cikin hazo. Ku ɗora yatsa kan tocilan waya da dare: duk zai yi jawur, amma ba za ku ga ƙashi ba.

Saboda haka ku lura:

1. Na'urar goshi ba ta harba infared. Fatarmu ce ke fitar da shi, ita kuwa na'urar, karɓa kawai take yi.

2. Wadda ake maƙalawa a yatsa a asibiti, ita ce ke tura jan haske da infared, don auna iskar da ke cikin jini. Ba ta cutarwa, sai dai takan yi kuskure. Binciken Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 ya nuna yadda take kasa gano ƙarancin iska a jinin baƙar fata ya kusa ninki uku na farar fata.

3. Kafin awon yatsa, a goge jan farce, a ɗumama hannu.

In numfashi ya yi maka wuya, faɗa wa likita, ko da lambar da na'urar ta nuna ta yi kyau. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.