Gigin Tsufa Ciwo Ne

'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu, idan tsoho ya fara mantuwa a gidajenmu sai mu ce, "Ai gigin tsufa ne," mu bar zancen nan. Ni kuwa na zaɓi in yi rubutu a kan wannan ne domin in nuna cewa sau da yawa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho yake samunsa ba. Ga kakata ta wajen uba ta haura tamanin, amma har gobe ba wanda ya isa ya cuce ta a lissafin kuɗin ƙuli-ƙuli.

Wani likitan ƙasar Jamus, Alois Alzheimer, shi ya bayyana irin ciwon da ya fi yawa a shekarar 1906, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, irin tamu.

To, yaya za a gane shi da wuri? Mantuwa iri biyu ce. Kowa yakan manta inda ya ajiye makulli, daga baya ya tuna. Amma idan Baba ya riƙe makullin a hannu ya rasa amfaninsa, wannan wani abu ne dabam. Haka nan idan ya yi tambaya aka ba shi amsa, bayan ɗan lokaci ya sake yin ta har sau huɗu ko biyar. Ko ya ɓata tsakanin gida da masallacin da ya shekara talatin yana zuwa. Ko Inna ta rikice wajen haɗa miyar da ta saba yi tun tana amarya. Wani halinsa ne zai sake, mai haƙuri ya koma mafaɗaci, yana zargin jikokinsa da sata. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tsohuwar da ta fita da dare tana sambatu, sai a ce mayya ce, yara su bi ta da jifa, alhali ba ta san inda take ba.

Wanda ya ga waɗannan alamu ya kai tsohonsa asibiti. Likita zai yi masa tambayoyi, kamar wace rana ce yau, ya sa ya maimaita wasu kalmomi ko ya zana agogo, ya kuma auna jininsa. Amfanin gaggawa shi ne akwai abubuwan da ke kama da wannan ciwo waɗanda ake warkarwa, irin su ƙarancin bitamin B12 da ciwon damuwa. Shi kansa ciwon Alzheimer ba a sami maganin warkar da shi ba tukuna, amma akwai magungunan da ke sassauta shi na wani lokaci.

Zancen rigakafi kuwa, a shekarar 2024 kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 waɗanda in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon. Cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, shan taba, giya, ƙiba, rashin motsa jiki da kaɗaici. Akwai kurumta da raunin gani, saboda haka tsoho mai yanar ido a kai shi a cire masa, kada a ce ya riga ya tsufa. Akwai buguwa a kai, wato ke nan masu hawan babur ba hular kwano su ji. Har ƙarancin ilmi tun ƙuruciya yana cikin lissafin, abin da ya shafe mu kai tsaye.

Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa iyayenmu maza ke raina shi. Hutun nan da za mu tafi, kowa ya lallaɓa ya raka mahaifinsa ko kakarsa asibitin garinsu a auna musu jini, aikin minti biyar ne.