Ganuwa Ba Ta Tsare Gari Ita Kaɗai

Kai mai karatu, in ka je Kano, dubi abin da ya rage na ganuwa. Sarki Gijimasu ya fara ta wajen shekara 900 da suka wuce, Muhammadu Rumfa ya ƙara mata faɗi. Kewayenta ya fi mil 10. Ta daɗe tana tare mahaya da 'yan baka.

Amma ran 3 ga Fabrairu, 1903, Kanar Morland ya zo da igwa. Sarki Alu yana Sakkwato da manyan mayaƙansa. Turawa suka gwada Ƙofar Dukawuya, ta gagare su, suka koma Ƙofar Kabuga, suka fasa ta. A yini guda gari ya ciwu.

Lura da dalili. Mai gari tilas ya tsare ko'ina, abokin gaba kuwa wuri guda ya ke nema. Sa'an nan makamai suna sakewa, gini yana nan inda ya ke. Haka Faransa ta gina ganuwar Majino, amma a 1940 Jamusawa suka kewaye ta ta ƙasar Beljiyam.

Ka tuna, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.