Manhajojin da Ke Bin Diddigin Yadda Wake Ke Yaƙar Ƙuduji

Manomin wake a Fammar ko Kibiya ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Yana manne wa saiwa a ƙarƙashin ƙasa ya tsotse shuka, kafin a ga kansa a waje ɓarnar ta riga ta yi nisa. Amma akwai irin waken da ƙuduji ba ya iya kamawa, kamar IT97K-499-35 da cibiyar IITA ta samar. Shi ne irin da masana suka karance kundin halittarsa a shekarar 2019, suka samu ƙwayoyin gado kusan 30,000.

Ƙwayoyin nan ba sa aiki duka a lokaci guda. Kamar manhajojin waya ne, wasu a kunne, wasu a kashe. Masana kan ɗebi saiwar da ƙuduji ya taɓa da wadda bai taɓa ba, su auna sinadarin RNA, su ga waɗanne suka tashi, waɗanne suka lafa. Abin da ke fitowa jerin dubban sunaye ne da lambobi, ido ba zai tsinci komai a ciki ba.

A nan manhajar ke shigowa. Ƙwayoyin gado ƙungiya-ƙungiya suke aiki, wannan ya miƙa wa wancan har a gama abu ɗaya, kuma kowace ƙungiya ana ce mata layin aiki. Manhajar kan raba jerin zuwa layuka, ta lissafa wane layi ne ƙwayoyinsa suka tashi fiye da abin da dace kawai zai kawo. Sai ta duba waɗanne layuka ne ke tashi tare. Masu bincike a Jami'ar Bajiniya ta Amurka sun gano cewa a saiwar wake mai juriya, ƙwayoyin da ke kaurara bangon tantanin saiwa da masu kashe tantanin da ƙuduji ya huda suna tashi a lokacin harin. Shukar na ƙone gefen gonarta ne don kada gobara ta tsallako.

Tashi tare dai ba hujja ba ce cewa wannan layi ne ya tayar da wancan. Wannan sai an gwada a ɗakin bincike da gona, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke yin gaggawa.

Yawancin kayan aikin kyauta ne. Shafin KEGG, da aka fara a Japan a 1995, yana nuna taswirar layukan. Rumbun GEO na Amurka yana ajiye da bayanan gwaje-gwaje, ana neman na wake da sunansa na kimiyya, Vigna unguiculata. Galaxy kuwa a kan kwamfutocinsa yake yin lissafin, ba a kan wayar mutum ba. Duk suna buɗuwa a Chrome, sai dai taswirorin sun fi fitowa idan an juya shafin zuwa tsarin kwamfuta, kuma manyan fayiloli gara a tura su Galaxy kai tsaye ta adireshinsu, don sauke su a waya cin data ne.