Amsoshin Tambayoyinku: Harshe da Maiƙo da Ƙiba

Wani mai sauraronmu daga Yelwan Yauri yana tambaya: shin yadda harshe ke jin maiƙo yana da alaƙa da ƙiba?

To Malam, akwai alaƙa. A kan harshe akwai wani sinadari mai suna CD36 da ke gane maiƙo. A 2012 masana na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun gano cewa waɗanda jikinsu ke samar da shi da yawa sun fi saurin jin maiƙo. Binciken Jami'ar Deakin ta Ostireliya kuma ya nuna masu raunin jin maiƙo sun fi cin mai, kuma sun fi nauyi.

Wani zai ce ai ke nan gado ne, babu abin yi. Ba haka ba ne. Wasu binciken ba su ga bambancin jin maiƙo tsakanin masu ƙiba da sirara ba, kuma rage mai na wasu makonni yana ƙara wa harshe ji. Ƙiba kuma tana bin yawan tuwon shinkafa, sukari da rashin motsa jiki.

Jama'ar Yauri, Ngaski da Shanga, kifin tafkin Kainji alheri ne. Don rage mai, ku fifita gashi da banda a kan suya, ku riƙa auna man gyaɗa da cokali.