Tukunyar Burkutu da Rumbun Iyali: Nazari Domin Gidajen Masu Bi

Karatu: Karin Magana 23:29-35, Matiyu 13:33, Romawa 14:13-21, Yakubu 1:27

Gabatarwa

A ƙauyuka da yawa na Filato, Kudancin Kaduna, Binuwai, Taraba da Adamawa, ba sai an tambaya ba a san ranar dafa burkutu. Hayaƙin murhu da warin tsami sun isa su ba da labari. Tun kafin zuwan bishara, da giyar dawa ake sallamar masu gayya a gona, da ita ake bikin aure da na girbi, da ita kuma ake yi wa kakanni tsafi. Saboda haka, sa'ad da masu mishan na SIM da SUM suka fara aiki a farkon ƙarni na 20, barin giya ya zama ɗaya daga cikin alamun da ake gane sabon mai bi da su.

Duk da haka tukunyar ba ta sauka daga murhu ba. Sau da yawa mai dafawar gwauruwa ce, ko matar da maigida ya sakar wa nauyin gida, kuma daga wannan sana'a kuɗin makarantar 'ya'yanta yake fitowa. Manufar wannan darasi ita ce iyali su san abin da yake faruwa a cikin tukunyar, su san inda abinci ya ƙare, abin maye ya soma, su kuma ga hakkin da yake wuyan ikilisiya game da wannan mace.

Daga Ƙwaya zuwa Tsiro

Kayan aikin ba baƙi ba ne a kowane gida: manyan tukwane ko durom, randa, muciya, rariya, ƙwarya, tabarma ko buhu, da itace mai yawa. Ana jiƙa dawa, galibi ja, ta kwana ɗaya ko biyu. Sai a tsame ta, a shimfiɗa a inuwa, a rufe da ganye, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana 3 zuwa 5 sai ta tsira. A nan ne ake shanya ta a rana, a murje saiwoyin, a kai niƙa.

Me ya sa ake wannan wahala? Mahalicci ya ajiye wa kowace ƙwaya guzurinta, wato farin garin da ke cikinta, wanda masana ke kira sitaci. Da zarar ƙwayar ta ji laima ta soma tsira, sai ta fitar da wani sinadari mai suna amilas, wanda yake narkar da sitacin ya mai da shi sukari domin ciyar da ɗan tsiron. Mai dafa burkutu takan tsayar da tsiron da zafin rana tun bai cinye guzurinsa ba, ta riƙe sinadarin domin nata aikin. Shi ya sa garin tsiro yake da zaƙi a baki.

Dahuwa da Tsami

A wajen dahuwa ne gwaninta take bayyana. Sitacin dawa ba ya sakin jiki sai ya sha wuta sosai, amma wannan wutar takan kashe amilas. Tsofaffin mata sun warware wannan matsala ba tare da sun shiga aji ba. Sukan dama garin da ruwa, su bar shi ya kwanta, su tsiyaye ruwan sama su ajiye gefe, su dafa gasarar da ta kwanta, sa'an nan su mayar da ruwan da suka ajiye. A cikin wannan ruwa sinadarin yake; da ya haɗu da dafaffen kullun sai kaurin ya tsinke, zaƙi ya fito.

Daga nan akan bar shi ya kwana. Waɗansu ƙwayoyin halitta, irin waɗanda suke mai da madara nono, su ne ke ba shi tsami. Kashegari a sake dafa shi na sa'o'i, a sauke, a bar shi ya huce. Hanyar takan ɗan bambanta daga gari zuwa gari. Waɗansu sukan ƙara garin rogo. Idan an tace shi sosai ya zama tsararo, shi ne fito. Idan an bar shi da kaurinsa, shi ne burkutu. Abin lura a nan shi ne, har zuwa wannan mataki, abin da yake cikin tukunyar ɗan'uwan kunu ne, ba ya sa maye.

Aikin Yisti

Abin da yake sauya shi bai fi cikin ƙwarya ɗaya ba. Mai dafawa takan zuba ragowar giyar da ta gabata, ko ta juye ruwan a tsohuwar randar da ta saba. A ciki akwai yisti, wata halitta mai rai wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Yisti yana cin sukari, ya fitar da abu biyu kusan daidai wa daida: barasa, da iskar da take sa kumfa. Tilas ruwan ya huce tukuna, gama zafi yana kashe shi. Cikin kwana ɗaya ko biyu randar ta soma tafasa ba tare da wuta ba.

'Yan Adam sun yi dubban shekaru suna amfani da yisti ba su san mene ne shi ba. Sai daga shekarar 1857 ne Louis Pasteur, masani ɗan ƙasar Faransa, ya nuna cewa ƙananan halittu masu rai ne suke wannan aiki. A 1883 kuma Emil Hansen, a ƙasar Denmak, ya ware tsantsar yisti iri guda domin masana'antar giya. Dangin wannan yisti ne yake kumbura burodi. Bambancin shi ne, a cikin tanda barasar takan tashi ta bi iska, burodin ya rage.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan ƙarfi. A Matiyu 13:33 Ubangiji Yesu ya kwatanta Mulkin Sama da yistin da mace ta cuɗa a gari har ya game shi duka. A 1 Korintiyawa 5:6-8 kuwa manzo Bulus ya kwatanta zunubi da shi. Darasin ɗaya ne: ƙaramin abin da aka bari a cikin gida ba ya zama ƙarami.

Abin da Ƙwarya Take Ɗauke da Shi

Akan ji mutum yana cewa, ai burkutu abinci ne, tun da dawa ce. Gaskiya ne akwai sauran abinci a ciki, amma ƙarfin barasarsa yakan kai kashi 3 zuwa 6 cikin 100. Lissafin mai sauƙi ne. Lita ɗaya mai ƙarfin kashi 4 tana da barasa mililita 40, alhali kwalbar giyar kanti mai santilita 60 da ƙarfin kashi 5 tana da mililita 30. Wanda ya shanye babbar ƙwarya uku a ranar kasuwa ya wuce mai kwalba uku.

Barasa tana cin hanta, ta fi kuma yi wa mai ciwon hanta lahani. Tana ratsawa zuwa jaririn da ke ciki, tana kuma shiga ruwan nono. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani ma'aunin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Akwai kuma haɗarin hatsin da ya yi fumfuna, da durom mai tsatsa ko wanda aka taɓa zuba magani a ciki. Mafi muni shi ne surka shi da ogogoro domin ƙarin ƙarfi. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai guba.

Sai kuma rumbu. Burkutu ba ya ajiyuwa, gama cikin 'yan kwanaki yakan yi tsamin da ba ya shayuwa. Dawar da za ta iya kaiwa watan Agusta, lokacin da rumbu yake ƙarewa, an mai da ita abin da tilas a shanye kafin jibi.

Koyarwar Nassi

Ya kamata a faɗi gaskiya duka. Nassi bai ɓoye ruwan inabin bikin Kana ba, bai kuma ɓoye shawarar da Bulus ya ba Timoti saboda ciwon cikinsa ba. Amma ya tsawata wa buguwa a fili: Karin Magana 23 ta zana hoton mashayi da jajayen idanu da raunukan da bai san inda ya samo su ba, Afisawa 5:18 kuma ta sa buguwa da cikar Ruhu a matsayin kishiyoyi. Ikilisiyoyin da suka zaɓi ƙauracewa gaba ɗaya sun dogara ƙwarai ga Romawa 14, inda aka koyar cewa ƙauna takan bar abin da zai sa ɗan'uwa tuntuɓe. A garin da kusan kowane dangi ya binne wani saboda giya, wannan hujja tana da nauyi.

Sai dai nassin da ya hana tuntuɓe shi ne ya umarta a kula da gwauraye da marayu. Idan dattawa suka sa mace a ƙarƙashin horo suka tafi, ba su tambayi abin da 'ya'yanta za su ci ba, rabin aikin kaɗai suka yi.

Ilimin da Bai Kamata a Zubar Ba

Macen da ta iya tsiro, ta san zafin ruwa da bayan hannunta, ta iya sarrafa manyan tukwane, ma'abuciyar sana'a ce. Bayan da gwamnati ta hana shigo da sha'ir a 1988, manyan kamfanonin abin sha na Nijeriya ma dawa suka koma wa. Wannan ilimi yana da hanyoyin da ba su bi ta randar yisti ba.

Na farko, kunun zaƙi. Garin tsiro yana ba shi zaƙi, ya rage kuɗin sukari. A sayar a ranar, ko a sanyaya, gama kunun da ya daɗe cikin zafi har ya soma kumfa ya kama hanyar zama giya.

Na biyu, abincin yaye. Ƙaramin cokali na garin tsiro a cikin kunu mai kauri, sa'ad da ya ɗan huce, yakan tsinka shi ba tare da ƙarin ruwa ba, yaron da ya wuce wata 6 ya sami abinci mai yawa a ɗan cikinsa. Tilas a murje saiwoyi da tsiron sarai, domin ɗanyen tsiron dawa yana da dafi, a kuma sake tafasa kunun kafin a ba yaro.

Zumuntar Mata za ta iya haɗa jari ta hanyar adashi, ikilisiya kuma ta riƙa sayen kunun irin waɗannan mata a lokacin taro da bukukuwa. Ba a raba yaro da abin hannunsa sai an miƙa masa wani.

Tambayoyi Domin Iyali

1. A wane mataki ne ruwan dawa yake zama abin maye?
2. Mene ne Romawa 14 take bukata daga mai bi wanda yake ganin shan kaɗan ba ya cutar da shi?
3. Wace gwauruwa ce a unguwa take bukatar jari fiye da tsawatawa, kuma me wannan gida zai iya yi mata kafin girbi?

Abin Addu'a

A yi addu'a domin gidajen da giya ta raunana, domin masu kokawar barinta, da kuma dattawan ikilisiya, Allah ya ba su hikimar haɗa gaskiya da jinƙai.